Sawu a Ƙofar Baya

Da ƙarfe biyu da kwata na rana Ungozoma ta fito daga kantin magani, leda a hannu ɗaya, katin ajiya a ɗayan, ta zagaya bayan tankin ruwa inda ta saba ajiye babur ɗinta. Wurin wayam. Ta duba dama, ta duba hagu, har ƙarƙashin tankin ta leƙa kamar babur zai shige can. Daga nan ta taka zuwa ƙofa ta miƙa wa mai gadi katin, ta ce ya nuna mata inda ya mayar mata da abin hawanta, domin akwai mai naƙuda da ke jiran ta a bayan gari.

Mai gadin nan, wanda kowa ke kira Sarkin Fili, shekararsa goma sha tara yana tsaron filin ajiye babura da ke bayan babban ginin shaguna. Tsarinsa ɗaya ne: kati biyu masu lamba ɗaya, ya rataya guda a jikin babur, ya ba mai shi guda. Ba kati, ba fita. Manajan ginin ma ya taɓa mance nasa a ofis, sai da ya koma bene hawa huɗu ya ɗauko. Da can ana ba da labarin nan ne ana dariya ana yaba masa. Ranar nan kuwa labarin ne ya juyo ya cije shi, domin kafin minti goma mutanen shaguna sun cika filin, kuma bakinsu ya zo ɗaya: in babur ba ya wuce ƙofa sai da sanin Sarkin Fili, to wannan ma da saninsa ya wuce.

Ya rantse tun safe bai ɗaga daga kujerarsa ba. Rantsuwar ba ta ƙara masa komai ba sai nauyi. Ungozoma ta buga wa abokiyar aikinta waya ta je wa mai naƙudar, sannan ta juyo ta faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa mai furfura. Manaja ya sauko yana share gumi, ya saurari kowa rabi-rabi, ya yanke hukunci: ƙarfe shida ake rufe fili, in babur bai fito ba kafin nan, zai miƙa Sarkin Fili ga 'yan sanda, gobe kuma wani ne zai zauna a kujerar.

A gefen ƙofa, ƙarƙashin 'yar rumfar kwano, wani tsoho mai gyaran takalma ya ajiye allurarsa.

*

Baba Gandu ake ce masa, kuma mafi yawan masu kiran sa haka ba su san inda sunan ya samo asali ba. Shekara talatin ya yi yana aikin gandun daji, yana bin sawun masu kashe namun da aka hana kashewa. Jinyar matarsa ce ta kawo shi birni bayan ya ajiye aiki, da ta rasu kuma sai ya kasa komawa gidan da babu ita. Ya sayi akwatin gyaran takalma. Wuri uku ya zauna aka kore shi, a na ukun har da watsa masa kaya a kwata. A na huɗu ne wani mai gadi da bai taɓa gani ba ya dube shi, ya ja kujerarsa gefe, ya ce rumfar ta ishi mutum biyu. Da Manaja ya tambaya, Sarkin Fili ya ce yayansa ne, maganar ta mutu a nan.

Shekara shida ke nan, kuma shekara shida Baba Gandu yana neman hanyar godiya bai samu ba. Abu ɗaya yake da shi, sana'arsa. Takalmin Sarkin Fili kuwa ya daɗe da yin rami a tafin ƙafar hagu, amma ko sau ɗaya bai yarda a taɓa masa shi ba. Kullum sai ya ce shi bai ba da inuwa don a ɗinka masa takalmi ba, ramin ma iska yake shigo masa da ita. Abin yana ci wa tsohon rai fiye da yadda yake nunawa.

Yanzu ga ƙanen nasa zaune, hannu a ka, idanu sun kaɗa. Kusa da shi wani bakanike ne da ake kira Injiniya, mai gareji a lungun bayan gini, ya kawo masa ruwa yana ba shi haƙuri, yana ta buga wa abokan sana'arsa waya su sa ido. Sarkin Fili ɗansa yake kiran sa, Injiniya kaɗai ne ma yake shiga filin ya fita yadda ya ga dama, saboda yawan baburan da yake zuwa dubawa.

Baba Gandu ya miƙe, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Wani mai sayar da waya ya tambaye shi ko ɗinko babur ɗin zai yi. Ya ce a'a, ƙasa zai je ya gaisar.

*

Jama'a sun riga sun tattake bayan tankin, amma akwai wata 'yar tsirin ƙura a jikin katanga da ƙafa ba ta kai ba. Ya tsuguna ya daɗe. Ya shafa ƙasa da tafin hannu ya duba, babu garin ƙarfe, babu guntun sarƙa. Sai sawun taya guda ɗaya tak, ya yi tafiyar taku uku yana tangaɗi, ya ɓace.

Ya kira Ungozoma, ya tambaye ta yadda ta kulle babur ɗin. Ta ce sarƙa ce mai kauri kamar hannun jariri, ta zura ta a tayar gaba ta datse da kwaɗo, ga makullin nan ma a jakarta.

"To 'yata, da me kika haɗa sarƙar?"

"Da me kuma, Baba? Da babur ɗin mana."

"Shi babur ɗin fa, da me kika haɗa shi?"

Ta ce ai wanda ya sayar mata da sarƙar ya tabbatar mata ko da zarto ɓarawo ya zo sai ya kwana yana yanka. Bayan tanki kuwa inuwa take bi, don kujerar babur ba ta zaunuwa in rana ta dake ta. Baba Gandu ya waiwaya ya hango ƙofa. Daga inda Sarkin Fili yake zama, ko raƙumi aka ɗaure a bayan tankin nan ba zai gan shi ba.

*

Maganar kwaɗo ta sa idanu suka koma kan Mai Makulli, wani siririn mutum mai saurin fushi da ke yankan makullai a ƙarƙashin matakala. Wani ya tuna cewa watan jiya shi ya yanka wa Ungozoma makulli na biyu. Shi ke nan, aka yi masa ca.

Baba Gandu ya same shi cike da ɓacin rai. Mai Makulli ya amsa cewa ya yanka, ɗaya ya yanka, kuma a gabanta. Ya ce duk ranar da wani abu ya ɓace a ginin nan, ko cokali ne, sai an tuna da shi, amma ranar da mutum ya kulle kansa a waje, shi ne Malam, shi ne Oga. Tsohon ya bar shi ya fitar da na cikinsa, ya yi masa godiya ya tafi. Bai gaya wa kowa ba, amma ya riga ya cire shi a ransa. Wanda ya buɗe kwaɗo zai tura babur a kan tayoyinsa biyu ne. Wannan kuwa ɗaga gaban aka yi aka ja shi a kan tayar baya, don sarƙar tana nan a jikinsa.

Babur da sarƙa a ƙafa ba ya tafiya mai nisa da kansa. Ɗaukar sa aka yi.

*

Filin yana da wata ƙaramar ƙofa ta baya wadda ba wanda ya kawo ta a rai, saboda tana da dakali mai kai gwiwa, babur ba ya hawa. Ta nan ake shigo da kayan shaguna a amalanke, a ɗora katako biyu a gangara. Da rana a buɗe take, da yamma Sarkin Fili ya rufe.

A nan Baba Gandu ya tarar da Iya mai shara tana faɗa ita kaɗai. Kullum ƙarfe ɗaya, in ta gama goge benen ƙasa, a bakin ƙofar nan take zubar da ruwan gugarta don ya kwantar da ƙura. Yau ta zubar ta tafi cin abinci, ta dawo ta tarar an yi mata kaca-kaca da wurin. Ba ta ga kowa ba. Ta ce da ta gani da an ji su.

Tsohon ya dubi taɓon da ya riga ya bushe, sai ya ji wani abu ya motsa a ƙirjinsa wanda ya yi shekaru yana barci. Sawun amalanke ne, fita da shiga. Kullum amalanken nan da kaya yake shigowa, ya fita fanko. Yau kuwa sawun fita ne ya nutse, na dawowa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Dukansu biyu kuma a ɗanyen taɓo aka yi su, alhali a ranar nan taɓo ba ya wuce kwatan awa bai yi ɓawo ba. Ya bi gefen sawun da ido a hankali, ya tsaya a wuri ɗaya, ya yi murmushin da babu daɗi a cikinsa.

Ya ari bahon Iya ya kife a wurin, ya jera kwalaye a kan sauran, ya roƙe ta ta zauna ta tsare. Ta ce ko Manaja ne ya taka sai ya ji a jikinsa.

*

Kuskuren da ya yi shi ne ambaton amalanke a gaban mutane. Kafin ya rufe baki an jawo Mai Amalanke daga inda yake hutawa, wani ƙato mara yawan magana, an riƙe masa wuyan riga. Ya ce daga ɗaya zuwa biyu abinci ya ci ya ɗan runtsa a ƙarƙashin bene, amalanken kuma a bakin ƙofar baya ya bar shi kamar kullum, a nan ya same shi. Shaida? Babu. Wa ya ga wanda ya tura amalanken a lungu? Nan ma babu. Masu shaguna uku sun ce kamar sun ga an wuce da kaya an rufe da tamfol, amma ba wanda ya ɗaga kai. A birni ba a kallon fuskar mai tura amalanke, hanya kawai ake ba shi.

Injiniya ya ce a kai ƙaton wurin hukuma kawai, can zai yi bayani, a ƙyale dattijo ya huta. Manaja ya ce ba wani hutu, ƙofar baya ma a hannun mai gadi take, in ƙaton nan ne ya ɗauka to da haɗin baki. Maimakon mutum ɗaya, yanzu biyu za a tafi da su.

Sarkin Fili ya matso kusa da tsohon, ya yi ƙasa da murya. "Yaya, ka bari. Aikin ba shi ne damuwata ba. 'Ya'yana ne za su ji an ce ubansu ɓarawo."

"Koma ka zauna a kujerarka," in ji Baba Gandu. "Har yanzu taka ce."

*

Biyar da rabi ya tara su a ƙofar baya: Manaja, Ungozoma, Mai Makulli, Mai Amalanke, Injiniya, Sarkin Fili, sai 'yan kallo da suka cika lungu. Ya sa Iya ta zuba sabon ruwa a gefen inda ta tsare. Ya roƙi Manaja aron babur ɗinsa, wanda girmansu ɗaya da na Ungozoma, aka zura masa sarƙa a tayar gaba. Manaja ya yarda ne yana ƙunƙuni.

Da farko ya ce Sarkin Fili ya taka taɓon. Ya taka, ya ɗaga ƙafa, sai ga sawu da wani ɗan tudu a tsakiya daidai ramin takalminsa. Mutane suka fashe da dariya, har shi kansa ya ɗan murmusa don kunya. Baba Gandu ya ce su riƙe wannan a ransu.

Sannan ya marairaice, ya ce shi tsoho ne, kansa ya kulle. Ƙasa ta nuna masa mutum ɗaya ne ya ɗora babur a amalanke ya fita da shi, amma shi bai yarda mutum ɗaya zai iya ba. A gwada masa ya gani, in ba ya yiwuwa ya koma ga takalmansa.

Mai Makulli ya fara. Ya ɗaga gaban babur ɗin da ƙyar, babur ya nemi ya danne shi, aka tare. Ya ce to an gani ko, ya koma gefe yana huci.

Mai Amalanke ya zo. Ya yi abin da ya saba yi da kowane kaya: ya rungumi babur ya fara kwantar da shi a gefensa, ya miƙa hannu yana neman igiya. Madubi ya daki katako. Warin fetur ya tashi. Manaja ya dafe kai.

"Kai, tsaya," in ji Injiniya, ya ture shi. "Wa ya ce maka ana kwantar da babur? Mai zai zube, ya cika wuri da wari. Ba ni nan."

Ya karkato bakin amalanke ƙasa, ya ɗaga gaban babur kamar yana ɗaga ɗan akuya, ya ja shi a kan tayar baya taku uku, ya haye da shi. Ya tsayar da shi cak. Ya kama kan babur da hannun hagu, ya kama hannun amalanke da na dama, ya gangara da shi ta kan katako ya ratsa taɓo. Abin ko minti biyu bai ɗauka ba. Wasu har suka tafa masa, shi kuma ya karkaɗe hannu yana murmushi.

Baba Gandu ya ce Iya ta ɗauke baho da kwalaye.

Ba sai an yi dogon bayani ba, amma ya yi, a hankali, da tsinken da yake nunawa da shi. Mai amalanke tsakanin hannaye biyu yake tsayawa, sawunsa a tsakiyar sawun tayoyi yake faɗawa, ga tsofaffin sawayensa nan birjik a lungu. Na tsakar ranar yau kuwa a hagu suke, a wajen taya, ƙafar dama tana ɗan karkata ciki. Tafiyar mutumin da ya shekara ashirin yana tura babura ce, wanda kuma zuciyarsa ba za ta bar shi ya kwantar da babur ba ko da sato shi ya yi. Babu tudun rami a cikinsu. Ya nuna tsohon sawu, ya nuna sabo. Kamar an buga su da hatimi ɗaya.

Murmushin Injiniya ya daskare. Ya ce silifas irin nasa rabin garin nan ke sawa. Baba Gandu ya ce gaskiya ne, shi ma bai yi maganar silifas ba. Ya ƙara da cewa amalanken ya je ya dawo kafin taɓo ya bushe, don haka babur ɗin bai bar lungun nan ba, kuma ɗakin ajiya ɗaya ne a lungun mai faɗin ƙofar da amalanke zai shiga. Ungozoma ta dubi bakaniken, ta ce a hankali, shi ne ya sayar mata da sarƙar.

A ɗakin ajiyar Injiniya, bayan tsofaffin tayoyi, aka sami babur ɗin, an rufe da tamfol, a tsaye, sarƙarsa a ƙafa, katin Sarkin Fili yana rataye a jikinsa. Injiniya yana jiran a tashi kasuwa ne ya sa injin yanka.

Kafin a tafi da shi Baba Gandu ya tsayar da shi a gaban kowa. "Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma ka ɗaga murya. Mutumin nan da ke ce maka ɗansa, ya sani?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. "Bai sani ba."

Sarkin Fili ya juya ya rufe ƙofar baya kamar yadda yake yi kowace yamma, sai dai ya daɗe kafin makullin ya shiga.

*

Washegari da safe masu walda suka zo suka kafa dogon bututun ƙarfe a cikin siminti, a tsakiyar fili, inda ido ke kaiwa daga kujera. Ungozoma ce ta fara zura sarƙarta ta haɗa babur da shi, a cikin rana tsaka, ta yafa tsumma a kan kujerar. Daga nan ta zo ta durƙusa a gaban Sarkin Fili ta ce Baba ya yafe mata bakinta na jiya. Ya ce ya yafe tun jiya, ya tambaye ta mai naƙuda. Ta ce an sami mace, lafiya lau. Mai Makulli da Mai Amalanke suka zo tare suka gaida Baba Gandu, ƙaton ya kama hannunsa da hannu biyu. Manaja ma ya sauko ya yi 'yan kame-kame, ya ce dama shi zuciyarsa ba ta kwanta da zargin ba. Aka bar shi a haka.

Da wuri ya lafa, Sarkin Fili ya fara jero godiya. Baba Gandu ya ɗaga masa hannu, ya ce kada ya soma, shi ne ya shekara shida da godiya a baki an hana shi ajiye ta.

Sarkin Fili ya sunkuya ya cire takalmansa, ya karkaɗe su, ya ɗora a kan akwatin.

Tsohon ya juya na hagun, ya zura yatsa a ramin har ya fito ta ɗaya gefen. "Wannan fa shi ya tsaya maka shaida jiya."

"To ya gama aikinsa, Yaya. Toshe shi."

Baba Gandu ya zaɓo fata mafi kyau a akwatinsa, wadda ya daɗe da warewa gefe ba tare da ya gaya wa kowa don wa ya ajiye ta ba. Daɗi ya cika shi har idanunsa suka kawo ruwa, sai da ya gwada sau uku kafin zare ya shiga allura. A gefensa Sarkin Fili ya zauna a kujerarsa ƙafa ba takalmi, yana miƙa wa masu shigowa kati.